Yadda Ake Wanke Faifan Garmaho a Gida Ba Tare da An Lalata Shi Ba

Duk wanda ya taɓa ɗora tsohon faifai a kan inji ya san wannan ƙarar. Kafin kiɗa ya tashi sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana suya a cikin lasifika, can tsakiyar waƙa kuma wani "tas!" ya katse maka jin daɗi. Mutane da yawa sun ɗauka halin faifai ke nan, wai tsufa ne. Sau tari kuwa datti ne kawai, kuma irin dattin da ake iya fitarwa a gida da ruwa da buroshi da haƙuri.

Sai dai fitar da datti daban, matsar da shi daban. Yawancin abin da mutane ke kira goge faifai, wato a hura masa iska da baki a shafe shi da gefen riga, tura ƙura ne daga saman faifan zuwa cikin tsaginsa, inda allura ke bi. Faifan zai yi ƙyalli a ido, a kunne kuwa ya ƙara muni. Duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce: a jiƙa dattin ya saki, sannan a raba shi da faifan gaba ɗaya kafin ruwan ya bushe ya mayar da shi inda ya fito.

Abin da kake wankewa

Kowace fuskar faifai tsagi ɗaya ne tak, wanda ya faro daga baki ya yi ta zagayawa har tsakiya. A babban faifai mai faɗin inci 12, da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti, tsawon wannan tsagi ya haura mita 400 idan fuskar na ɗauke da kiɗan minti 20. Faɗinsa kuwa bai fi kaurin gashin kai ba. Siffarsa kamar harafin V ce, kuma a faifan sitiriyo, wanda ya shiga kasuwa sosai a 1958, bango ɗaya na ɗauke da sautin lasifikar hagu, ɗayan na dama. Allurar ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u ce da ke rawa tsakanin bangwayen biyu, kuma ba ta san bambancin kiɗa da ƙwayar yashi ba. Duk abin da ta taka sai ta mayar da shi sauti.

Dattin iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai busasshiyar ƙura da ɓurɓushin takarda da ke kwance a sama. Buroshi ya ishe su. Akwai maiƙon yatsu da hayaƙin taba da na girki, waɗanda ke zama kamar gam su riƙe ƙura a ƙasan tsagi. Waɗannan sai an jiƙa. Sannan akwai lantarkin gogayya. Robar da ake yin faifai da ita, PVC, tana tara wannan lantarki duk lokacin da aka zaro ta daga jakar takarda, musamman idan iska ta bushe, sai ta riƙa janyo ƙura daga ɗaki kamar maganaɗisu, har ma ta yi nata tas-tas ɗin ko da babu datti.

Fara da tantance irin faifan da ke hannunka

Wannan matakin ne ba a tsallakewa, domin a nan ne ake rasa ido garin gyaran gira. Ba duk baƙin faifai ne na roba ba.

Faifan roba, wanda ake kira bainil, ya samu gindin zama ne bayan kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai gudun 33 a 1948, kamfanin RCA Victor kuma ya biyo baya a 1949 da ƙarami mai inci 7 da gudun 45. Idan ka riƙe shi da hannu biyu ka ɗan matsa a hankali, za ka ji yana da laushin lanƙwasuwa. Wannan shi ne yake jure wankin da za a bayyana a ƙasa.

Kafin su, faifan da aka sani shi ne mai gudun 78, galibi inci 10, mai nauyi da tauri, wanda ke fashewa kamar tangaran idan ya faɗi. Da shalak aka yi shi, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, aka cakuɗa shi da garin dutse. Alkohol na narkar da shalak. Haka ma masu fentin katako ke narka shi su shafa wa kujeru. Don haka ɗigo kaɗan na ruwan wanki mai alkohol ya isa ya cinye tsagin faifan 78, kuma babu gyara. Irin wannan faifai ruwa da ɗan sinadarin wanki maras alkohol kawai yake so, shi ma cikin hanzari, ba a jiƙa shi a bar shi, domin wasu an yi su ne hawa-hawa da takarda a ciki, ruwa na shiga ta baki sai su kumbura. Akwai ma wani nau'i mai kauri sosai, kusan rubu'in inci, da kamfanin Edison ya yi tsakanin 1912 da 1929, wanda cikinsa garin katako ne. Shi ruwa ne babban abokin gabansa.

Na uku shi ne faifan da aka yanka guda ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti ko gidan rediyo. Cikinsa farantin alminiyom ne ko gilashi, aka shafe shi da wani irin fenti mai laushi. Za ka gane shi da takardar tsakiya da aka rubuta da hannu ko da tafireta, da ƙarfen da ke leƙowa a cikin ramin tsakiya, wani lokaci da ƙarin rami a gefensa. Idan ya tsufa yakan fitar da wani farin abu mai maiƙo ko fentin ya fara tsattsagewa. Shawarata a kan wannan: kada ka wanke shi a gida. Mai yiwuwa shi kaɗai ne kwafin abin da ke ciki a duniya. A nemi masu aikin adana sauti a ɗakin adana kayan tarihi.

Wasu ƙananan faya-fayai masu gudun 45, musamman na Amurka, ba na PVC ba ne, da wata roba mai gautsi ake yin su, kuma takardar tsakiyarsu da gam aka manna ta, ba a gasa ta a jiki ba. Suna wankuwa, amma a sassauta hannu, a nisanta ruwa daga takardar, a kuma bar alkohol a gefe.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Buroshin zaren kabon na share ƙura a bushe. Wani buroshi dabam na wanki, mai laushin gashi ko mai fuskar karan-miski. Na uku don ɗauraya kawai. Tsummokan maikurofaiba guda uku ko huɗu sababbi. Kwalaben feshi biyu. Tawul mai tsabta da za a shimfiɗa. Wurin jingina faifai ya tsane, kamar kwandon jera faranti mai rufin roba. Da sababbin jakunkunan ciki. Idan ka sami abin rufe takardar tsakiya, wato faya-fayan roba biyu masu zoben hana ruwa da ake ɗaurewa da kusa ta ramin tsakiya, aikinka ya yi sauƙi ƙwarai, don har mariƙi yake zama.

Abu mafi muhimmanci a cikin kayan shi ne ruwan kansa. Ruwan famfo ko na rijiya na ɗauke da narkakkun ma'adanai irin su kalsiyam da magniziyam. Su ne farin shatin da kake gani a jikin kofin gilashi ko cikin butar dafa ruwa. Idan wannan ruwa ya bushe a cikin tsagi, ka cire datti ka zuba garin dutse, an gudu ba a tsira ba. Tafasa ruwa ba ya fitar da su yadda ake bukata, ruwan kwalba na sha ma yana da su. Abin nema shi ne ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ko wanda aka cire wa ma'adanai, irin wanda ake ƙara wa batirin mota da dutsen guga mai tururi. A lura sosai a nan: akwai ruwan batir mai asid, kuma kwalaben kan yi kama. Karanta rubutun jikin kwalba kafin ka buɗe.

Haɗa ruwan wanki

Tataccen ruwa shi kaɗai ba ya shiga tsagi da kyau. Ɗiga shi a kan faifai ka gani, zai dunƙule ya tsaya kamar raɓa a kan ganye. Ana buƙatar sinadarin da zai karya wannan dunƙulewa ya sa ruwan ya kwanta ya ratsa ƙasa. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya daɗe yana ba da shawarar wani sinadari mai suna Tergitol 15-S-7, mililita 2 a cikin lita 4 ta ruwan da aka cire wa ma'adanai. Wato rabin mililita a lita guda, abin da bai fi ɗigo goma ba. Dubi ƙanƙantar adadin. Wannan haɗin ba shi da alkohol, don haka ya dace da faifan roba da na shalak baki ɗaya. Masu wankin hoto ma suna da irin wannan sinadari, kamar Ilfotol na kamfanin Ilford, kuma masu tara faifai da dama da shi suke aiki.

Haɗin da ya fi yaɗuwa tsakanin masu yi a gida shi ne kashi huɗu na tataccen ruwa da kashi ɗaya na alkohol ɗin da za ka ga an rubuta isopropyl a jikin kwalbarsa, mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari ko kusa da haka: mililita 400 na ruwa, 100 na alkohol, da 'yan ɗigo na sinadarin kwantar da ruwa. Alkohol na yanka maiƙo, yana kuma saurin bushewa. Masu faifai sun daɗe suna jayayya a kan ko yana cutar da robar idan aka yawaita. A ganina, ɗan adadi irin wannan, na minti biyu ko uku, da ɗauraya a bayansa, ba abin fargaba ba ne a faifan PVC. Amma ban ga dalilin sa shi a kowane wanki ba. Ina ajiye shi ne don faifan da ke da shatin yatsu ko warin hayaƙi. Kauce wa alkohol ɗin shafa jiki da na tsabtace hannu, don ana zuba musu turare da mai.

Idan duk waɗannan sun gagara, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka, maras turare, a cikin lita guda zai yi aiki, da sharaɗin za ka ninka ɗauraya. Ɗigo ɗaya na ce. Kumfa ba alamar tsabta ba ce a nan, alamar wahalar da ke jiranka ce.

Akwai abubuwan da ko kusa da faifai bai kamata su zo ba: ruwan goge gilashin taga, ruwan cire jan farce, tina, fetur, kananzir, bilic, man goge baki, man feshin kwance tsatsa, da ruwan zafi. Takardar tishu ma haka, domin zaren itace ce, tana karce fuska ta bar ɓurɓushi.

Kwalba ɗaya ta ruwan wanki, ɗaya ta tataccen ruwa zalla. Rubuta a jikin kowacce.

Share ƙura a bushe tukuna

Wanke hannunka ka shanya. Riƙon faifai kuwa da gefen baki da takardar tsakiya ake yi, yatsa ba ya taɓa wurin tsagi. Haska shi da tocila a karkace, ka juya a hankali, don ka san abin da ke gabanka: ƙura ce, maiƙo ne, fumfuna ce, ko karcewa.

Ɗora shi a kan inji ya riƙa juyawa, ka sauke buroshin kabon a kansa da nauyin buroshin kawai, ba dannawa. Bayan zagaye biyu ko uku sai ka ja shi sannu zuwa baki har ya fita da ƙurar. Kakkaɓe gashin buroshin a jikin mariƙinsa, kada ka sa yatsa, don maiƙon hannu zai koma faifai na gaba. Amfanin wannan matakin shi ne kada ƙwayar yashi ta shiga cikin ruwa buroshin wanki ya ja ta a kan tsagi. Faifan da dama can yana da tsabta, wannan sharar kafin kowane sauraro ta ishe shi.

Wankin kansa

Kada ka yi wankin ruwa a kan injin sauraro. Dannawa na wahalar da ƙarfen da farantin ke juyawa a kai, ruwa kuma na iya gangarawa ciki. Shimfiɗa tawul a kan tebur mai daidaito, ka rufe shi da tsumman maikurofaiba, ka kwantar da faifan. Rufe takardar tsakiya. In babu abin rufewa, kifa ƙaramin kofi ko murfin gwangwani mai faɗinta a kai ka riƙe da hannu ɗaya.

Fesa ruwan wanki har fuskar ta jiƙe ko'ina, ba tare da ya kwarara ba. Ɗauki buroshin wanki ka baje ruwan kana bin zagayen tsagi. Kullum da zagaye ake bi, ba a ratsa shi daga tsakiya zuwa baki. Yi zagaye uku zuwa biyar ta hannun dama, ka sake yin haka ta hagu, domin kowane bango na tsagin ya samu. Nauyin hannu kaɗan ya isa, aikin buroshi motsa ruwa ne a cikin tsagi, ba kankara ba.

Daga nan sai ka dakata. Minti biyu zuwa uku, ruwan na kwance yana jiƙa maiƙon da ya shekara da shekaru a wurin. Masu gaggawa a nan suke asarar rabin aikin. Amma ka sa ido, kada ko'ina ya fara bushewa. In ka ga wani gefe na ƙafewa, ƙara feshi. Bayan jiran, sake zagayawa da buroshi sau biyu.

Yanzu dattin ya bar jikin faifai yana yawo a cikin ruwa, kuma wannan ne lokacin da komai ke iya komawa tufka da warwara. Naɗe tsumma na farko gida huɗu, ka ɗora shi ka bi zagaye a hankali yana shanye ruwan, kana juya shi zuwa busasshen gefe a kai a kai. Dubi abin da ya fito a jikinsa. A tsohon faifai za ka ga ruwan kasa-kasa ko rawaya.

Ɗauraya, inda aka fi yin sakaci

Idan ka taɓa wanke faifai ka ji ƙararsa ta ƙaru, ko ka ga allura na tara wani farin danƙo a bakinta bayan waƙa biyu, kusan kullum rashin ɗauraya ne. Ragowar sinadarin wanki ya bushe a ƙasan tsagi tare da dattin da ya narkar, allura ta zo tana noma shi. Ni ma na yi wannan kuskure a farkon farawa: na wanke faya-fayai kusan goma a yini ɗaya da sabulun da ya yi yawa, na shanya su suna ƙyalli, sai da na sake bin su ɗaya bayan ɗaya da ruwa zalla kafin su sauraru.

Fesa tataccen ruwa da yawa, fiye da yadda ka fesa na wanki. Zagaya da buroshin ɗauraya, wanda bai taɓa shiga sabulu ba. Shanye da tsumma na biyu. Maimaita. Idan sabulun kwanuka ka yi amfani da shi, yi sau uku. Hanya mafi kyau, in kana da abin rufe takardar tsakiya mai mariƙi, ita ce ka ɗaga faifan a karkace bisa baho ka kwarara masa ruwan ya gangara da dattin ƙasa. Akwai alamar da za ta nuna maka ka gama: ruwa zai daina kwanciya shimfiɗe, ya koma dunƙulewa yana gangarewa. Ma'ana sinadarin ya fita.

Juya faifan, amma kada ka kwantar da wankakkiyar fuska a kan jiƙaƙƙen wurin da mai datti ta tashi. Sauya tsumman shimfiɗa, sannan ka maimaita komai a ɗaya fuskar.

Idan ruwa ya taɓa takardar tsakiya, danna busasshen tsumma a kai ka ɗaga. Kada ka goga, tawadar wasu takardun na zuba.

Shanya

Bi fuskokin biyu da busasshen tsumma na ƙarshe, sannan ka jingina faifan a tsaye a inuwa, a ɗakin da ba a shara ko kaɗa labule a lokacin. Ba shi aƙalla rabin awa. Idan iska na da laima, awa guda ko fiye. Saman faifai na bushewa da wuri ya yaudare ka alhali ƙasan tsagi da sauran danshi. Rana, na'urar busar da gashi da kusa da murhu duk haramun ne gare shi, domin zafi kaɗan ke lanƙwasa PVC, kuma faifan da ya lanƙwashe da wuya ya miƙe.

Kada a kunna faifai yana jiƙe. Akwai masu yin haka da gangan don ruwa na rage ƙara a lokacin, amma taɓon da allura ke damawa yana bushewa ya daskare a tsagi, danshin kuma na iya hawa jikin allurar.

Da ya bushe, sa shi a sabuwar jakar ciki. Mayar da wankakken faifai cikin tsohuwar jakar takarda daidai yake da yin wanka a mayar da kayan da aka cire. Jaka mai rufin roba mai santsi ta nau'in HDPE ta fi, don ba ta zubar da ɓurɓushi kuma ba ta tara lantarki. Tsohuwar jakar, idan tana da hotuna ko rubutun waƙoƙi, ajiye ta a cikin kwalin, gefe da faifan.

Faifan da ya sha wuya

Wanda ya kwana a wuri mai laima yakan fito da fumfuna, fari-fari ko toka-toka kamar saƙar gizo, da wari. Yi aikinsa a waje ko kusa da buɗaɗɗiyar taga, da takunkumi da safar hannu. Kada ka share shi da buroshin kabon ɗinka na kullum, za ka raba wa sauran faya-fayai. Fara kwarara masa ruwa, sannan ka wanke sau biyu ko uku, ka tsawaita jiƙon zuwa minti biyar. Akwai ruwan wanki na musamman mai sinadarin enzayim da ke narkar da irin wannan datti, yana kuma son a ba shi lokaci. Jakar ciki a jefar. Kwalin waje a goge shi da busasshen tsumma a bar shi ya sha iska kwanaki kafin ya koma cikin 'yan'uwansa. Wani lokaci fumfunar na barin tabo ko bayan ta fita.

Za ka ji labarin wankin gam: a shafe fuskar faifai da farin gam na kafintoci, a bar shi ya bushe kwana guda, a ɓare shi kamar fata ya fito da datti. Yana aiki, na gani. Amma idan shafin ya yi siriri sai ya yayyage ya bar guntaye a tsagi, idan ya taɓa takarda ya tafi da ita, kuma fuska ɗaya na cin yini. Ban da faifan da ka riga ka fid da rai da shi, ban ga abin da zai kai ka can ba.

Sabon faifai fil daga leda ma yana amfana da wanki sau ɗaya, saboda ƙurar masana'anta da ɓurɓushin jaka da lantarkin da yake zuwa da su.

Idan faya-fayan sun yi yawa

Wankin hannu na cin kamar minti goma a kowane faifai, ban da shanya. Mai guda talatin zai iya. Mai ɗari biyar sai ya nemi taimako. Mafi sauƙi shi ne ɗan kwamin wanki irin Spin-Clean ko Knosti, inda faifai ke tsaye tsakanin buroshi biyu a cikin ruwa kana juya shi da hannu. Rauninsa shi ne ruwan na ƙara datti da kowane faifai, don haka a fara da masu ɗan tsabta, a sauya ruwa da wuri, a kuma ɗauraye a waje.

Sama da shi akwai injin zuƙa, irin na VPI, Okki Nokki ko Pro-Ject. Kai ne za ka shafa ruwa da buroshi, injin ya zuƙe shi cikin zagaye biyu. Fifikonsa a bayyane yake, yana yin abin da tsumma ba ya iyawa, wato tsotse ruwan datti daga ƙasan tsagi kafin ya bushe. Ƙara gare shi dai kamar injin niƙa. Sai kuma injin da ke girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji, galibi sau 40,000 a daƙiƙa, wanda ke haifar da ƙananan kumfa suna fashewa a cikin tsagi suna ɓamɓare datti. A irin wannan a kula da zafin ruwa, don yana hawa da kansa idan injin ya daɗe yana aiki. Kada ya wuce digiri 35. Ko da wane inji ne, ɗauraya da tataccen ruwa tana nan daram.

Allura da shimfiɗar faranti

Wankakken faifai a ƙarƙashin allura mai datti aikin baban giwa ne. Rage sautin lasifika, ka ɗaure hannun allura a mazauninsa, ka share bakinta da ɗan ƙaramin buroshinta daga baya zuwa gaba, wato yadda faifai ke wucewa a ƙarƙashinta. Kada a yi daga gaba zuwa baya ko gefe da gefe, siririn ƙarfen da ke riƙe da ita na iya lanƙwashewa. A guji jiƙa ta da alkohol sai in kamfanin da ya yi ta ya amince, domin a allurai da yawa da gam aka manna lu'ulu'un. Allura kuma tana ƙarewa. Galibi ana lissafa mata tsakanin awa 500 zuwa 1,000 na aiki, kuma wadda ta cinye tana yanka bangon tsagi. Nauyin da take sauka da shi, wanda a yawancinsu yake tsakanin giram 1.5 da 2.5, a daidaita shi yadda kamfanin ya faɗa. Faifan 78 kuwa allurarsa dabam ce, mai kaurin baki.

Shimfiɗar da ke kan farantin inji ita ma a kakkaɓe ta ko a goge, tunda a kanta ɗaya fuskar ke kwanciya.

Ajiya, da sanin inda wanki ya tsaya

Faifan da aka wanke da kyau ba ya buƙatar wani wankin ruwa na tsawon shekaru, muddin ana riƙe shi ta baki, ana share shi da buroshi kafin sauraro, ana mayar da shi jaka da an gama. A jera su a tsaye kamar littattafai, ba a jibge wani kan wani ba, ba a matse ba kuma ba a bar su sun kwanta a karkace ba. Ɗaki mai sanyi-sanyi, nesa da taga da bangon da ke tsattsafo da danshi. Masu adana sauti kan so zafi wajen digiri 18 zuwa 21. Jakar leda mai kauri ta PVC da wasu ke sa faifai a ciki tana fitar da wani sinadari da ke bin fuskar faifan ya bar hazo mai sa shuu a sauti, kuma wannan hazon ba ya wankuwa.

Bayan wanki, saurari faifan da kunnen bincike. Wani lokaci sauraron farko na fito da ɗan ragowar datti a bakin allura, na biyu ya fi shi tsabta. Idan "tas" na dawowa a wuri ɗaya a kowane zagaye, karcewa ce. Za ka iya jin ta da farce in ka shafa a hankali. Idan muryar mawaƙi na tsagewa duk lokacin da ya ɗaga ta, musamman a waƙoƙin kusa da tsakiya, kuma tsagin ya yi toka-toka a ƙarƙashin tocila, tsohuwar allura ce ta riga ta cinye bangon. Dama can wurin ya fi rauni, don a bakin faifai tsagi na wucewa da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa wajen 20 kacal, sautin a cushe yake. Irin wannan lahani a jikin robar yake. Idan ka wanke sau biyu ƙarar ba ta motsa daga inda take ba, ajiye buroshi. Rubuta ranar wankin da fensir a kusurwar sabuwar jakar, tare da waƙar da ke da tabon, don kada bayan shekara ka manta ka sake jiƙa shi a banza.